Kifi na ganinka, mai jar koma: daga otal ɗin King David zuwa kurkukun Akka

Daga Ƙofar Yafa ta tsohon birnin Kudus zuwa otal ɗin King David tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa. Ka gangara kwari, ka sake haurawa, sai ka ga ginin farin dutse mai ratsin ja yana fuskantar hasumiyar YMCA. Daga nan na fara, domin duk abin da sojojin Birtaniya suka yi wa Tel Abib a ƙarshen Yulin 1946, tushensa wannan gini ne. An buɗe otal ɗin a 1931. Tun daga 1938 Turawan Birtaniya masu mulkin Falasɗinu a lokacin suka karɓe ɓangarensa na kudu suka mayar da shi Sakatariya, hedkwatar soja kuma tana benayen sama, sauran ɗakunan na ci gaba da karɓar baƙi. Wanda ya karanta tarihin Najeriya zai gane suna ɗaya a nan: John Macpherson, mai tsarin mulkin 1951, shi ne Babban Sakataren gwamnatin Falasɗinu daga 1939 zuwa 1943 kafin daga baya a naɗa shi Gwamnan Najeriya. Ofishi ɗaya ne a Landan ke juya mu da su, ma'aikatan ma su ɗin ne ake yi wa canjin wurin aiki.

Ranar Litinin 22 ga Yuli, 1946, 'yan ƙungiyar Irgun, ta Yahudawa masu yaƙar mulkin Birtaniya a ɓoye, suka shigo ta ƙofar da ake sauke kayan abinci, sanye da tufafin leburori Larabawa da na masu hidimar otal. Suka jera garewanin madara bakwai cike da nakiya, kimanin kilo 350, a gidan rawa na La Régence da ke ƙarƙashin ƙasa, daidai gindin ginshiƙan da ke ɗauke da Sakatariya. Da ƙarfe 12:37 na rana kusurwar ginin ta rufta tun daga sama har ƙasa. Mutum 91 suka mutu: Larabawa 41, 'yan Birtaniya 28, Yahudawa 17, Armeniyawa biyu, sai ɗan Rasha ɗaya, ɗan Girka ɗaya, ɗan Masar ɗaya. Yawancinsu akawuna ne da masu buga tafireta da masinjoji da ma'aikatan otal da masu wucewa a titi.

An sake gina ɓangaren, har an ƙara benaye a sama, ba za ka ga tabon komai ba. Abin da za ka gani shi ne wani allo a bakin titi, wanda aka kafa a 2006 lokacin cika shekara sittin. Jakadancin Birtaniya ya yi ƙorafi a kan kalmominsa har aka gyara su, saboda rubutun farko ya ɗora wa Turawa laifin ƙin kwashe mutane bayan an yi musu gargaɗi ta waya. An yi kiran wayar, wannan ba a musu: zuwa otal ɗin, da ƙaramin ofishin jakadancin Faransa da ke maƙwabtaka, da jaridar Palestine Post. Gardamar da ba ta mutu ba har yau ita ce minti nawa aka bayar, kuma ko saƙon ya isa ga wani mai ikon cewa a fita. A ganina wanda ya dasa kilo 350 a ƙarƙashin ofis cike da mutane da tsakar ranar aiki, shi ke da gawarwakin, ko ya buga waya ko bai buga ba.

Bam ɗin ma ramuwa ce a kan wani samamen da ya riga shi. A daren 16 ga Yuni mayaƙan Haganah, babbar rundunar ɓoye ta Yahudawa, suka karya gadoji goma da ke haɗa Falasɗinu da maƙwabtanta, bayan kwana biyu Irgun ta sace hafsoshin Birtaniya a Tel Abib. Sai ranar Asabar 29 ga Yuni soja suka fito da samamen da suka kira Agatha, Yahudawa kuma suka sa masa Baƙar Asabar. An kama mutum kusan 2,700, har da manyan Hukumar Yahudawa, mai wakiltar Yahudawan ƙasar a gaban Turawa, irin su Moshe Shertok. Shugabanta David Ben-Gurion ya tsira ne don yana Faris. A ƙauyen gandu na Yagur kusa da Haifa an tono bindigogi fiye da 300 da harsasai sama da 400,000. Takardun da aka kwashe daga ofishin Hukumar Yahudawa kuwa, King David aka kai su. Kuskuren Agatha shi ne ta faɗa wa waɗanda ake da adireshinsu. Hukumar Yahudawa tana da ofis da allo a ƙofa, rundunar Palmach ta Haganah tana zaune a ƙauyukan da kowa ya sani. Irgun da Lehi, wata ƙaramar ƙungiyar mayaƙan ɓoye, ba su da ko ɗaya, don haka kamen ya wuce ta kansu kusan bai taɓa su ba.

Kafin in bar Kudus na haura Unguwar Rashawa, bayan Titin Yafa. Masaukin mata masu ziyara ne da Rasha ta gina a shekarun 1860, Turawa suka mayar da shi babban kurkuku, yanzu gidan tarihi ne. Akwai tabarmin kwana a ƙasa, da jajayen kayan waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, da ɗakin rataya wanda ba a taɓa rataye kowa a ciki ba, don hukuma na tsoron tarzoma a birni mai tsarki, sai a kai mutum kurkukun Akka a arewa. A nan ne ranar 21 ga Afrilu, 1947 Meir Feinstein na Irgun da Moshe Barazani na Lehi suka kashe kansu da gurnetin da aka ɓoye cikin ɓawon lemo, 'yan sa'o'i kafin a rataye su. A farkon shekarar ne aka kewaye wannan unguwa da waya mai ƙaya, Turawa suka koma ciki da zama, mutanen gari suka riƙa kiran wurin Bevingrad don yi wa Ministan Harkokin Waje Ernest Bevin ba'a: mai tsaro ya tsare kansa.

Mai son tsayawa Latrun a hanyar Tel Abib sai ya bi babbar hanya mai lamba 1 da mota, don jirgin ƙasa mai sauri ba ya tsayawa a wurin. Kuma kada a sa tafiyar daga yammacin Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, jirgi da bas duk suna hutu. Latrun na kusan tsakiyar hanya, inda duwatsu ke ƙarewa fili ya buɗe. A kan tudu akwai barikin 'yan sanda na kankare irin waɗanda jami'in 'yan sandan Birtaniya Charles Tegart ya tsara, yau gidan tarihin tankokin yaƙi ne, ga gidan sufaye Kiristoci a ɗaya gefen. A filin da ke ƙasa sansanin tsare mutane yake, inda aka ajiye shugabannin da aka kama a Agatha har watan Nuwamba. Daga nan kuma aka kwashi mutum 251 a jirgin sama ranar 19 ga Oktoba, 1944 zuwa Sembel kusa da Asmara a Iritiriya. Daga baya an mayar da su Carthago cikin hamadar Sudan, aka sake dawo da su Iritiriya, a 1947 kuma aka kai su Gilgil a Kenya. Jimillar waɗanda aka kora Afirka ta kai 439, ba tare da an gurfanar da su gaban alƙali ba, ba su koma ba sai Yulin 1948.

Tel Abib ce zuciyar wannan tafiya, kuma sai ka taka ta da ƙafa za ka gane yadda aka iya rufe ta. Teku ne a yamma, kogin Yarkon a arewa, kwarin Musrara a gabas inda babbar hanyar Ayalon take yanzu, Yafa ta Larabawa a kudu. Garin wancan lokaci na mutum kimanin 170,000 ne, ka iya ratsa shi a ƙafa cikin awa guda da 'yan mintoci. Janar Evelyn Barker, kwamandan sojan Birtaniya a Falasɗinu, ya ɗauka cewa daga nan maharan suka fito. Ya ba Manjo-Janar James Cassels na Runduna ta 6 ta sojan laima aikin, da dakaru wajen 20,000 har da 'yan sanda. Sunan samamen Shark, wato kifin nan na teku mai cin mutane. Sojan laima jar hula suke sawa, yaran gari na kiransu da sunan wani jan fure.

Ga yadda aka tsara shi. Kafin asubar 30 ga Yuli aka karɓe ofishin wayar tarho don kada labari ya zaga, aka ja ƙawanya ta waje a kan duk hanyoyin shiga, jiragen ruwa na sintiri a bakin teku. Aka sa dokar hana fita, wanda ya leƙo titi ana iya harbinsa, sai awa biyu kawai a rana da ake sassautawa don a sayi abinci. Aka yanka garin gunduwa-gunduwa, kowace birged da yankinta, kowace bataliya da unguwanninta, ana ja wa kowane rukunin gidaje ƙaramar ƙawanya ta ciki kafin a shiga. Ayari ɗaya ya fito da mutanen gida, ban da tsofaffi da yara da marasa lafiya. Wani ayarin ya bi ɗakuna yana ƙwanƙwasa bango da daɓe, yana leƙa rufi da tankin ruwa. Waɗanda aka fitar a kai su wani keji na waya mai ƙaya da aka kafa a fili ko a kan titi, su bi layi zuwa teburin tantancewa. A teburin nan 'yan sandan ciki ke zaune da kundin hotuna da jerin sunaye. Wanda aka gamsu da shi ya koma gida, wanda aka yi shakka a tura shi keji na gaba don ƙarin tambaya, daga can sai mota zuwa Rafah ko Latrun.

Cikin kwana huɗu aka tantance mutum kimanin 100,000, aka tsare 787. An gano ma'ajiyar makamai biyar, ɗaya a ƙarƙashin Babbar Majami'ar Yahudawa da ke Titin Allenby. Na tsaya a gabanta: gini mai ƙubba wanda aka yi wa rumfar ginshiƙan kankare daga baya, kewaye da wuraren shan shayi da cin abinci. A takarda samamen ya yi kyau ƙwarai, don ba a taɓa rufe gari mai girman haka a bi shi gida-gida cikin ɗan lokaci irin wannan ba.

Matsalar tana teburin nan. Duk dubban sojan aikinsu ɗaya ne, su kawo fuska gaban ɗan sanda. Idan ɗan sandan bai san fuskar ba, an yi aikin banza. Ka raba mutum 100,000 a kwana huɗu, ka ga 25,000 ke nan kowace rana, a hannun 'yan tsirarun jami'ai, don haka kowa daƙiƙoƙi kaɗan yake samu. Turawan da ke jin Ibrananci a cikin 'yan sanda ba su da yawa. Hotunan tsofaffi ne, mutanen da ake nema sun tsayar da gemu, sun sa tabarau, suna riƙe da katin shaida na jabu da aka buga da kyau. 'Yan sanda Yahudawa kuwa, ko suna tsoro ko suna tausayawa, ba a dogara da su ba. Jama'ar gari da yawa sun yi tir da bam ɗin King David, Hukumar Yahudawa ma ta la'ance shi a fili, ƙawancen Haganah da Irgun da Lehi ya watse a kansa. Amma mutumin da ka kulle a ɗaki kwana huɗu cikin zafin Yuli, ka tsayar da matarsa a rana cikin waya, ba zai matso ya raɗa maka sunan maƙwabcinsa ba. Barker kuma ya ƙara ɓata lamarin da kansa: kwanaki kaɗan bayan bam ɗin ya rubuta umarnin hana sojansa shiga shaguna da gidajen Yahudawa, da kalmomin da ke cewa a hukunta su ta aljihunsu don nan ne ya fi yi wa jinsinsu ciwo. Takardar ta fita, aka manna ta a bango, jaridun Landan da Amurka suka ɗauka, aka janye umarnin. Cikin mako guda maganar duniya ta tashi daga gawa 91 ta koma kan bakin janar.

Babban kamu ɗaya da aka yi, ido ɗaya ne ya yi shi. Yitzhak Shamir, ɗaya daga shugabannin Lehi uku, ya zo layi da baƙar riga da gemu kamar malamin addini. Wani sajan na 'yan sandan ciki mai suna Thomas Martin ya dube shi ya gane shi ta kaurin girarsa. Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Aka kai Shamir Iritiriya, a Janairun 1947 ya gudu ta ramin da suka haƙa, ya ɓulla Jibuti. Martin kuwa bai kai ƙarshen Satumbar 1946 ba, Lehi ta harbe shi a filin wasan tanis a Haifa. Wannan ma wani dalili ne da teburin ke ƙara zama makaho: duk jami'in da ya ƙware da sanin fuskoki, shi ake fara nema.

Daga Allenby na miƙe arewa zuwa Titin Yehoshua Bin Nun, kusa da Yarkon. Yau unguwa ce ta benaye da itatuwa, shiru, ba abin da zai tsayar da kai. A wani ƙaramin gida a nan Menachem Begin, shugaban Irgun, yake zaune da iyalinsa da sunan Isra'ila Sassover, mai gemu, mai zuwa majami'a kullum. Da ƙawanya ta rufe sai ya shige wani ɗan loko da aka gina a ɓoye cikin gidan. Sojoji suka kafa sansani a farfajiyar gidan, suka shiga suka bincika, suka ɗauki matarsa zuwa tantancewa suka dawo da ita. Kusan kwana huɗu yana ciki ba ci ba sha, yana jin muryoyinsu. Ranar 2 ga Agusta aka ɗage dokar, ya fito. Mutumin da aka tara dakaru 20,000 dominsa, taku kaɗan ne tsakaninsa da butar shayinsu. Shi da Shamir duka sun zama Firayim Ministan Isra'ila daga baya.

Sauran matakan gajeru ne a faɗa. A watan Agusta aka fara tura baƙin haure Yahudawa sansanoni a tsibirin Kubrus. A ƙarshen watan aka kai karnuka masu shinshino ƙarfe ƙauyukan Dorot da Ruhama, aka tono makamai. A Disamba kotun soja ta sa aka yi wa wani matashin Irgun bulala 18, Irgun ta kama manjo ɗaya da sajan uku ta yi musu 18 kowanne, daga nan hukuma ta daina yi wa 'yan ƙungiyar bulala. Ranar 1 ga Maris, 1947 aka tayar da bam a kulob ɗin hafsoshi na Gidan Goldschmidt a Titin King George na Kudus, mutum 13 suka mutu. Washegari aka sa dokar soja a Tel Abib da Ramat Gan da Bnei Brak da Petah Tikva, da wasu unguwannin Kudus. Wannan karon dabarar ta tattalin arziki ce: ba gidan waya, ba kotun farar hula, ba shiga ba fita, don jama'a su ji a jikinsu su miƙa mayaƙan. Kwana goma sha biyar aka yi aka janye. Kamen bai kai mutum ɗari ba, hare-hare kuma ba su tsaya ba ko a cikin kwanakin dokar. Ita kanta gwamnati harajinta ya tsaya, sojan da ke tsare shinge kuma ba su samu sukunin farautar kowa ba.

Mai son auna nauyin hannun Turawa sai ya taka zuwa Yafa, minti arba'in a bakin teku daga tsakiyar Tel Abib. Lambun da ke kan tudun tsohon garin, inda masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto, unguwa ce a da. A Yunin 1936, farkon boren Larabawa, soja suka sa nakiya suka rushe gidaje fiye da 200 don buɗe wa motocinsu hanya, dubban mutane suka rasa matsuguni, gwamnati ta ce wai gyaran tsarin gari ne. Alƙalin Alƙalai Michael McDonnell ya caccaki wannan ƙarya a hukuncinsa, bai daɗe a kujerarsa ba bayan haka. A boren 1936 zuwa 1939 an ci ƙauyuka tara ta gayya, an ƙone amfanin gona, an rataye Larabawa fiye da ɗari, an kashe kimanin 5,000. Ba a yi wa Tel Abib ko kusa da haka ba. Dalilan a bayyane suke: idon Amurka da bashin da Birtaniya ke nema a wurinta, 'yan jarida a kowane lungu, da kuma cewa shekara ɗaya ce tal da 'yantar da waɗanda ke sansanonin Hitila. Dokokin ta-ɓaci na 1945 kuwa, masu ba da ikon tsare mutum ba shari'a, da korarsa daga ƙasa, da rushe gidansa, lauyoyin Yahudawa sun taru a Tel Abib a Fabrairun 1946 sun yi musu tofin Allah tsine. Da aka kafa Isra'ila ba a soke su ba. Sashe na 119, na rushe gida, da shi ake aiki a Gaɓar Yamma har yanzu.

Jirgin ƙasa daga Tel Abib zuwa Akka awa ɗaya da rabi ne, ta Haifa. Daga tasha zuwa tsohon gari tafiyar minti ashirin. Kurkukun ganuwar Turkawa ce da aka ɗora a kan ginin mayaƙan Salibiyya, tana kallon Masallacin Jazzar mai koriyar ƙubba. Turawa sun ɗauka ba mai fasa ta. Ranar 4 ga Mayu, 1947 'yan Irgun suka zo cikin kayan sojan Birtaniya, suka hau rufin gidan wankan Turkawa da ke manne da bangon kudu, suka fasa tagogin da ke wurin. Fursunonin Irgun da Lehi 27 suka tsere, da Larabawa fiye da 200 da suka ga ƙofa a buɗe. Mutum tara daga maharan da masu gudun suka mutu a hanya. Uku daga waɗanda aka kama aka yanke musu hukuncin kisa. Irgun ta sace sajan biyu a Netanya, Clifford Martin da Mervyn Paice, aka sake yi wa gari ƙawanya aka bi gida-gida, ba a same su ba, suna cikin wani rami a ƙarƙashin masana'antar lu'ulu'u. Ranar 29 ga Yuli aka rataye mutum ukun a Akka. Bayan kwana biyu aka tsinci sajan biyun a rataye cikin itatuwan turare, an dasa nakiya a ƙarƙashinsu. Tarzoma ta tashi a kan Yahudawa a Libaful da Mancesta. Birtaniya na da soja kusan 100,000 a ƙasar a lokacin, kuma a ƙarshen Satumba ta sanar cewa za ta fice.

Ɗakin ratayar yana nan a ƙasa: katako a sama, igiya, ƙofar daɓe mai buɗewa biyu, da sandar da ake ja. Hotunan da ke jikin bango na Yahudawan da aka rataye ne, takwas daga cikinsu 'yan Irgun. A wannan kurkukun aka rataye Fu'ad Hijazi da Ata al-Zir da Muhammad Jamjum ranar 17 ga Yuni, 1930, da Shaihu Farhan al-Sa'adi a Nuwamban 1937, dattijo mai shekara fiye da saba'in, cikin watan Ramadan yana azumi. Na fito ta ƙofar da ke kallon teku ana kiran sallar la'asar a Jazzar.